Sakatar ɗakin da ke bin titi

Da na je gida bara, wata rana bayan sallar la'asar muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, sai Kawu ya tambaye ni ainihin sana'ar da nake yi a Amurka. Shi ne ya koya mini gyaran injin ban-ruwa tun ina yaro, lokacin da manoman rani na bakin kogin Haɗeja suke kawo masa injinansu a kan amalanke, saboda haka ba mutumin da kalmar kanikanci kaɗai za ta gamsar ba ne. Na ce masa gidaje masu taya nake gyarawa. Da na ga ya zuba mini ido bai ce komai ba, sai na shiga ɗaki na ɗauko masa wani karyayyen ƙarfe da na yi shekaru ina ajiye da shi.

Na sauka a Amurka a shekarar 2013 da bizar lotiri, kuma wani ɗan Kano da ya riga ni zuwa ya ja ni garin Elkhart da ke jihar Indiyana, yankin da ake ƙera mafi yawan motocin tafi-da-gidanka na ƙasar. Na sami aiki a wani ƙaramin gareji, inda na shafe watanni ina shara ina miƙa kayan aiki, ni da a gida ake kirana bakanike. Abin da ya fara kunyata ni shi ne sifana. Hannuna ya saba da lamba 10 da 12 da 14, ga shi a can yawancin notukan jikin waɗannan motoci da inci ake auna su, sai a ce in miƙo 7/16 in tsaya ina lalube kamar sabon yaron gareji.

Dole in bayyana yadda motar take, kamar yadda na bayyana wa Kawu. Dokar hanya a yawancin ƙasar ba ta yarda faɗin mota ya wuce inci 102 ba, wato ƙafa takwas da rabi, wanda ya yi wa falo da ɗakin kwana kaɗan. Don haka ne tun wajen 1990, lokacin da kamfanin Newmar na garin Nappanee ya fito da dabarar, ake yi wa motocin wani ɓangare mai zamewa waje kamar durowar tebur idan an yada zango, a mayar da shi ciki idan za a kama hanya. Wannan ɓangare, wato ɗakin mai zamewa, yana ɗauke da kujeru, wani lokaci har da firji, kuma a wasu motocin akwai sakata ta musamman, hannun ƙarfe da ƙaramin inji mai aiki da batir mai ƙarfin lantarki volt 12 yake turawa, wadda ke danne saman ɗakin don kada ya riƙa leƙowa waje yayin da mota ke gudu.

Aikin farko da maigidana ya bar mini ni kaɗai shi ne na wani dattijo da matarsa da ke shirin tafiya Filorida a watan Nuwamba. Su ma suna da irin nasu cin ranin, sai dai sanyi suke gudu ba rashin aiki ba. Ɗakin motarsu ya tsaya a rabin hanya, bai fita ba bai shiga ba. Da na cire katakon adon da ke rufe saman ɗakin na haska tocila, sai na ga hannun sakatar ya lanƙwashe ya tsage a gindinsa, haƙoran injinta kuma sun zube sun cakuɗe da giris kamar tsaki a cikin man gyaɗa.

Nan take na ce wa maigidana zan miƙe shi in yi masa walda kafin azahar. Ya girgiza kai ya ce sabo za a sa, ko da kuwa sai an jira kwana uku. A raina na ɗauki abin almubazzaranci, domin a wurin Kawu ba a yar da ƙarfe sai ya mutu sau uku. Amma ya nuna mini cewa idan waldar ta saki a kan babban titi, ɗakin ya leƙo gefen wata mota, sunan garejinsa ne a kan takardar aikin, kuma shi kotu da kamfanin inshora za su nema. Har yau ina ganin waldata da ta riƙe, sai dai na yarda cewa ba ni da hanyar tabbatar wa kowa hakan, kuma a ƙasar nan abin da ba za ka iya tabbatarwa a takarda ba tamkar ba ka yi shi ba ne.

Da sabuwar sakatar ta iso, na fara daidaita motar a kan jak-jak ɗinta har ta tsaya cak, domin ɗakin da ke karkace ba ya shiga mazauninsa daidai. Na cire kan batir, na ɗauki hoton wayoyin da wayata don kada in rikita su, na kwance notuka huɗu, na ɗora sabuwar. Da na tsaya a nan, da aikin ya ƙare a idon kowa. Amma Kawu ya saba cewa kada in rufe inji ban san abin da ya kashe shi ba, kuma ƙarfe mai kaurin babban yatsa ba ya lanƙwashewa haka kawai. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har na kai ga wani ɗan makunni da bai fi ƙwayar dabino girma ba, wanda aikinsa shi ne sanar da babban injin cewa sakata ta buɗe kafin ya fara tura ɗakin. Ya maƙale a danne, yana ba da labarin ƙarya, shi ya sa injin ya tura ɗakin alhali sakata tana kulle. Da ban canza shi ba, da sabuwar ma ta karye kafin su fita Indiyana. Na fitar da ɗakin na mayar da shi sau biyar ina sauraron ƙarar, sannan na kira maigidana. Tun daga makon nan ya daina ba ni tsintsiya.

Kawu ya saurari duk wannan yana jujjuya ƙarfen a hannunsa, ya ƙwanƙwasa shi da dutse ya kara a kunne, sannan ya ce, "Kai yaro, wannan ai ƙarfe ne mai kyau, mutanen nan ba su san darajar abu ba." Na ce, "Haka ne, Kawu," domin ba a jayayya da shi a gaban mutane. Ranar kasuwa ya tafi da shi Ringim wurin mai walda, kuma kafin in komo na tarar ya kafa shi a ƙyauren garken awakinsa, inda bunsurun ya daɗe yana ɓalle igiya yana fita cikin dare.