Godiya ga waɗanda suka koya mini yadda ake magana a ajin yoga

Alhamdulillahi. Jiya na karɓi takardar kammala horon malaman yoga na awa 200, matakin farko da ƙungiyar Yoga Alliance ta Amurka ke yi wa malami rajista a kansa. Tun daren jiya saƙonnin barka ke ta shigowa, ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Lokacin da na fara horon, duk fargabata a kan jiki take: ko bayana zai lanƙwasu, ko zan iya haddace sunayen tsayuwa da zaman yoga a harshen Sanskirit na Indiya, irin su tadasana da trikonasana. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Bakina ne ya kusa kayar da ni.

Ba zan manta gwajin koyarwata na farko ba. Mutum 12 a kan tabarmi, ina tsaye ina fuskantarsu. Na ce a ɗaga hannun dama, ni ma na ɗaga nawa na dama, wanda a idonsu yana ta hagu. Rabin aji suka bi kunnensu, rabi suka bi idonsu. Da na ga haka sai na ruɗe, na shiga zuba bayani babu ƙaƙƙautawa. Wata baiwar Allah da na ce ta shaƙi iska ta riƙe numfashinta tana jiran in ce ta fitar, ni kuwa ina can ina ta bayanin ƙashin ƙugu. Ana tashi na laɓe bayan ƙofa na sha kuka.

Godiyata ta farko ga babbar malamarmu ce. Ranar ba ta yi mini faɗa ba. Washegari ta zaunar da ni, ta kunna mini muryata da ta ɗauka a waya, muka saurara tare har ƙarshe. Nan na ji yadda nake cusa umarni biyar a numfashi ɗaya. Ta ce in ambaci gaɓa, in faɗi abin da za ta yi, in faɗi inda za ta nufa, sannan in kama bakina. "Ƙafar dama, taka gaba, tsakanin hannuwa." Daga nan in bar mutum ya shaƙa ya fitar kafin in ƙara wata kalma. Ita ce kuma ta koya mini in zama madubin ɗalibai: idan ina fuskantarsu na ce dama, hagu zan ɗaga. Malama, sati uku kika yi kina maimaita mini wannan ba ki taɓa nuna gajiya ba. Allah ya saka miki da alheri.

Ina kuma godiya ga malaminmu na ilimin sassan jiki, wanda ya raba mu da kalmar "dole". Ya tuna mana cewa B.K.S. Iyengar, malamin yoga ɗan Indiya da ya rasu a 2014, ya shahara ne da shigo da bulo (ɗan tubalin katako da ake dogarawa a kai) da ɗamara da bargo da kujera cikin koyarwa domin kowane jiki ya samu hanyarsa. Don haka ba ma cewa "idan ba za ka iya ba, ɗauki bulo", domin mutum zai ji an nuna gazawarsa a gaban jama'a. Cewa muke "sa bulo ƙarƙashin hannunka ka ji yadda ƙirjinka zai buɗe". A wurinsa na fara ganin ɗan katin nan da ɗalibi ke ajiyewa a bakin tabarmarsa, fuska ɗaya na nufin an yarda malami ya taɓa shi don gyara, ɗayar na nufin a'a, ba tare da an nemi dalili ba.

Akwai wata dattijuwa cikin masu zuwa mu gwada koyarwa a kansu da ba zan rufe ban ambace ta ba. Bayan wani aji ta ja ni gefe. Na fassara musu shawasana, kwanciyar da ake rufe aji da ita, da ma'anarta ta asali, kwanciyar gawa, ita kuwa ba ta daɗe da rashin mijinta ba. A hankali ta gaya mini cewa minti biyar ɗin nan ba ta huta ba ko kaɗan. Mama, da kin yi shiru kin tafi da ban taɓa sani ba. Tun ranar kwanciyar hutu nake ce wa shawasana, kuma idan an kwanta nakan rage murya, in yi shiru har lokaci ya cika.

'Yan'uwana ɗalibai, kun ba ni aron jikinku da haƙurinku, kuna gaya mini gaskiya idan muryata ba ta kai layin baya ba. Maigida da yara, ku ne ajina na farko, kun sha "shaƙa, fitar" safe da yamma ba ku ƙosa ba. Na gode, na gode.

Ranar Asabar mai zuwa zan jagoranci ajina na farko ni kaɗai. Ina roƙon ku sa ni a addu'a.