Ɓeran da kurkum ya taimaka, da kuma Babanmu

Ranar da Baba ya tambaye ni sau uku a zama ɗaya ko na ci abinci, a daren nan ƙanwata ta turo min saƙo: wai an gano kurkum yana maganin cutar mantuwa. "Yaya, mu sayo masa ƙwayoyin," in ji ta. Na ce ta dakata tukuna in bi diddigi.

Labarin yana da tushe. A 2001 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas sun ciyar da ɓeraye sinadarin da ke sa kurkum ya zama rawaya, sai dasƙararren furotin ɗin nan da ake kira amiloyid, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wato wani nau'in cutar mantuwa, ya ragu. Na yi murna, har na kusa kiran ta a daren.

Abin da ya sanyaya min gwiwa shi ne ɓeran da kansa. Ashe ɓera ba ya kamuwa da wannan cuta haka kawai. Ƙwayar halittar ɗan Adam ake dasa masa don furotin ɗin ya taru cikin 'yan watanni, abin da ke ɗaukar mutum shekaru masu yawa. Ƙwaƙwalwar Baba kuwa ta haura saba'in, ga hawan jini a gefe. Ina alaƙar biyun? Da aka gwada sinadarin kan mutane 36 na tsawon makonni 24, sakamakon da ya fito a 2012 bai nuna wani sauƙi ba. Hanjin mutum ma ba ya iya tsotse shi sosai ya kai jini.

Haka ganyen wata bishiya da ake kira ginko. An ba da shi a wani gwaji na tsofaffi sama da 3,000 a Amurka, aka bi su kusan shekara shida, a 2008 aka ce bai hana cutar ba. Kuma yana iya tsinka jini, abin tsoro ga mai shan asfirin kullum kamar Baba.

Ba raina tsirrai nake ba, kada a yi min mummunar fahimta. Galantamin, wanda likitoci ke rubuta wa masu wannan cuta, daga wasu furanni aka fara samo shi. Sai dai shi ya bi ta hannun gwaji a kan mutane kafin a amince da shi, kuma ko shi ɗin sassauci yake kawowa na ɗan lokaci.

Ƙanwata ba ta ji daɗi ba. A ganinta na kashe mata fata. Mun dai daidaita: ta rubuta sunayen ƙwayoyin a takarda, ranar Talata in mun kai Baba ganin likita ita za ta miƙa wa likitan da hannunta.