Sanyin Bukuru da kunun gyaɗa

Jama'a sannunku, kwana biyu kun ji ni shiru, jarabawar Girkanci ce ta riƙe ni, kai wannan yare sai addu'a! Nan TCNN, kwalejin tauhidi da ke Bukuru kusa da Jos, hunturu ya sauko sosai, da sassafe kowa ya nufi sujada da rigar sanyi da hula har kunne amma ana ɗaga waƙa sai ka manta da sanyin. Abin da ke burge ni, ɗan ekklisiyar COCIN da ɗan ekklisiyar EYN da ɗan ekklisiyar Lutheran daga Numan duk aji ɗaya kwano ɗaya, dama ekklisiyoyi ne suka haɗu suka buɗe kwalejin a 1959. Matar maƙwabcina ta haihu ran Talata, 'yan zumuntar mata suka cika gidan da kunun gyaɗa, ni gwauro sai da na sha kofi uku.