Daga Filin Uhuru Zuwa Dajin Karura

Aiki ne ya kai ni Nairobi, babban birnin Kenya, a watan Yuli, lokacin da sanyin garin ke sa Bakano neman bargo da rana tsaka. Ranar Juma'a da muka sauko daga Masallacin Jamia, sai na ja abokin tafiyata muka taka zuwa filin shaƙatawa na Uhuru. Na daɗe ina mamakin yadda aka yi mai dashen itatuwa ta ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, shi ya sa na ƙudurta sai na ga wuraren da Farfesa Wangari Maathai ta yi fama.

Filin yana tsakiyar gari, ga ciyawa shar, ga ɗan tafki ana yawo a kwalekwale, ma'aikata sun baje suna hutun rana. A nan ne gwamnatin Shugaba Moi ta so kafa bene mai hawa 60 a 1989. Matar nan ta dinga rubuta wasiƙu, ta kai ƙara kotu aka kori ƙarar, 'yan majalisa suka yi mata ca, har da gorin cewa bazawara ce. Daga ƙarshe masu zuba jari na waje suka ja da baya, gini ya sha ruwa. A wata kusurwa ta filin kuma, a 1992, ta zauna da iyaye mata da ke yajin cin abinci don a sako 'ya'yansu fursunonin siyasa. 'Yan sanda suka doke ta har ta suma.

Abin da mutane kan manta shi ne, malamar jami'a ce tun kafin a san ta a titi. A 1971 ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Nairobi, mace ta farko da ta yi haka a Gabashi da Tsakiyar Afirka, kuma tsarin jikin dabbobi take koyarwa. A 1976 ta zama shugabar sashenta. Binciken shanu ne ya riƙa kai ta ƙauyuka, inda ta ga dabbobi sun rame, ruwan sama ya kwashe ƙasar noma, mata na doguwar tafiya neman itacen girki. Daga nan ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt a 1977, suka fara da itatuwa bakwai kacal.

Washegari muka shiga matatu, wato ƙaramar bas ɗinsu mai kiɗa kamar gidan biki, muka nufi dajin Karura. A ƙofa mai gadi ya duba jakata ya zaro robar ruwa, ya ce ba a shiga da ita. Dajin ya kai kusan hekta 1,000, kuma a cikin birni yake. Taku kaɗan sai ƙarar motoci ta ɓace. Hanyar jar ƙasa ce mai santsi, birai na tsalle a sama, masu motsa jiki na wuce mu a guje. Muka gangara har inda ruwa ke zubowa daga dutse, muka leƙa kogunan da ake cewa mayaƙan Mau Mau, masu yaƙi da Turawan mulkin mallaka, sun ɓuya a ciki.

Da an bar masu hannu da shuni, da yanzu duk gidaje ne, don an riga an yanka filaye an raba a ɓoye. A watan Janairun 1999 Maathai ta zo dasa itace a bakin dajin, 'yan daba suka fasa mata kai.

A nan mamakina ya ragu. Duk wanda ya san yadda burtali ko mashaya ke haddasa zubar da jini tsakanin manomi da makiyayi a wajenmu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A Kenya ma, rikicin ƙabilanci na yankin Rift Valley a farkon shekarun 1990, kan ƙasa aka yi shi, kuma Maathai ta je ta tsaya wa waɗanda aka kora daga gonakinsu.

Direban tasin da ya mayar da mu masauki ya bi da mu ta titin da aka sa wa sunanta bayan rasuwarta a 2011. Na ce masa, "Malam, kun yi sa'ar uwa." Ya yi dariya ya ce masu wawure filaye ba su mutu tare da ita ba, in ina so gobe ya zagaya da ni in gani. Na ce ina, jirgina na asuba ne.