“Albarka” da na kasa faɗa da Turanci

A watan Nuwamba na shekarar 2019 ina aiki a ofishin wani kamfani mai fitar da riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen waje, wanda sitonsa yake a kasuwar Dawanau da ke Kano, kuma ni aka ɗora wa dukan wasiƙun da ake yi da masu saye, saboda a cikin ma'aikata ni ake ganin na fi kowa Turanci. Ni ma haka na ɗauki kaina. Na ci Turanci da kyau a jarrabawar WAEC, na yi digiri, ina karanta yarjejeniya mai shafi goma ba tare da na buɗe ƙamus ba, don haka ban taɓa zaton akwai sauran abin da zan koya a wannan fanni ba, sai da jimla ɗaya mai kalmomi biyar ta raba mu da abokin ciniki mafi girma da muka samu a wannan kaka.

Wani kamfani ne a birnin Mersin na ƙasar Turkiyya, masu niƙa riɗi su yi tahini da alewa, suka nemi kwantena biyar, kowace tan 19, tsabtar kaya kashi 99 cikin ɗari. Kuɗin ta banki za a biya, da takardar lamuni da 'yan kasuwa ke kira LC, wadda a cikinta aka rubuta cewa dole kayan su hau jirgi kafin 15 ga Disamba. Duk wanda ya taɓa wannan harka ya san banki ba ya duba riɗi, takardu yake dubawa. Idan ranar da ke kan takardar lodi ta wuce wadda ke cikin LC ko da kwana ɗaya ne, yana da damar ƙin biya.

Ranar 24 ga Nuwamba mai kula da sito ya same ni ya ce riɗin da dillalai suka kawo daga Jigawa ya zo da yashi da tsakuwa fiye da yadda aka zata, sai an sake tace shi, ga shi injin tacewa ɗaya gare mu. Na zauna na yi lissafi: kwanakin tacewa da ɗurawa a buhu, feshin magani da takardar shaidar lafiyar amfanin gona, tafiyar tirela ta kusan kilomita dubu daga Kano zuwa Legas, sannan layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, wanda a wannan shekarar mota kan kwana da kwanaki a kansa. Ko ta ina na juya lissafin, ba ya kai mu 15 ga wata. A wannan yinin kuma jami'ar saye ta kamfanin ta aiko da imel mai layi biyu, tana tambaya ko zan tabbatar mata cewa ranar tana nan.

Na rubuta mata sakin layi uku. Na gaishe ta, na gaida abokan aikinta, na gode wa kamfaninsu bisa amincewa da mu, na yabi dangantakar da muke fatan ginawa, sannan a can ƙasa na rufe da cewa “We will try our best.” A zuciyata “za mu yi iya ƙoƙarinmu” nake faɗa, kuma Bahaushen da ya ji wannan daga bakin tela ko magini ya san an gaya masa kada ya jingina da ranar. Ita kuwa ta karanta shi a matsayin “e”. Ta tsara aikin masana'antarsu a kan zuwan kayanmu, ta kuma yi wa nata masu sayen alkawari.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne kwana tara da suka biyo baya. Na yi shiru. Ban sake rubuta mata ba, ban kuma gaya wa Alhaji, maigidanmu, ainihin lissafin ba, domin ina jin nauyin in kai wa babba labarin da ba zai yi masa daɗi ba, ina ta fatan wani abu zai sauya. Ranar 3 ga Disamba ya shiga sito da kansa, ya ga buhunan da aka gama ba su kai rabi ba. Ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, “Tun yaushe ka sani?” Na ce, “Yallaɓai, tun ranar 24.” Ya ce, “To me ya hana ka faɗa mini, me kuma ka gaya wa mutanen?” Da na fassara masa jimlar, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, “Ai ba ka ce musu komai ba, kuma ba ka bar su sun nemi wata hanya ba.”

Gyara ranar da ke cikin LC yana bukatar yardar mai saye da bankinsa. Sun yarda, amma da sharaɗin ragin dala 40 a kowane tan, wato dala 3,800 ke nan ban da kuɗin banki, kayan kuma ba su tashi ba sai a Janairu. Odar kwantena goma da aka fara magana a kanta ba ta sake tasowa ba. A wasiƙarta ta ƙarshe jami'ar ta rubuta cewa jinkiri abu ne da ta saba da shi, kuma da na sanar da ita tun ranar 24 da ta ɗaga ranar ba tare da ragin ko sisi ba. Abin da ba za ta iya aiki da shi ba shi ne ta tambayi mutum kai tsaye ya ba ta amsar da ba ta san inda ta dosa ba. Na karanta wannan wasiƙa ya fi sau ashirin.

Lokacin kullen korona na 2020, da harkoki suka tsaya, na duƙufa kan abin da ake kira Turancin kasuwanci. Na bi darussan kyauta na shafin British Council, na saurari shirin English at Work na BBC, daga baya na yi kwas na Jami'ar Washington ta Coursera. Sai dai wata biyun farko na ɓata su ne wajen haddace karin maganar ofis da gyaran lafazi, domin su ne aka fi tallatawa a intanet, kuma har yanzu ina jin haushin wannan lokaci. Mutanen da nake hulɗa da su Turkawa ne da Indiyawa da 'yan Sin da 'yan Meziko, babu ko ɗaya a cikinsu da aka haifa da Turanci, kuma duk wata kwalliya da na ƙara wa magana sai ta ƙara musu wahalar gane ta. Haka nan salon wasiƙa da aka koya mana a makaranta, mai doguwar shimfiɗa da manyan kalmomi, shi ne ya ba ni wurin ɓuya a wannan rana.

A Dawanau na gane ainihin matsalata, wata rana ina tsaye bayan Alhaji wani yana taya masa zoɓo. Mutumin ya faɗi farashi, Alhaji ya ce, “Albarka.” Kalma ɗaya, babu cin fuska a cikinta, babu kuma wanda zai ji ta ya ce bai gane an ƙi tayinsa ba. Da suka daidaita ya ce, “Na sallama,” magana ta ƙare. Kafin wannan rana ina ɗora laifin a kan kunya da kara irin tamu, har na fara tunanin sai na yar da su kafin in iya aiki da baƙi. Ashe kasuwar Hausa tana da hanyar cewa a'a mai ladabi kuma bayyananniya tun kaka da kakanni. Ni ne ban mallaki irinta a Turanci ba, don haka da na tashi yin ladabi sai na faɗa cikin kwana-kwana.

Daga nan na sauya abin da nake nema a darussan. Na koyi buɗe wasiƙa da labarin da ba shi da daɗi tun layin farko, da kalma kamar “unfortunately” a gabansa don ta sassauta shi ba tare da ta rufe shi ba, sannan dalili a jimla ɗaya, sannan sabuwar ranar da na tabbata zan iya cikawa, sannan abin da nake roƙon a yi. Gaisuwa ban daina ba, amma layi ɗaya take ci yanzu. Na cire “try” da “soon” daga duk inda ake maganar lokaci ko kuɗi. In sha Allah ina faɗarta, ina ma rubuta ta ga abokan ciniki Musulmi, amma da kwanan wata a gefenta. Sunan watan kuma da haruffa nake rubuta shi, domin 04/05 a wurin Ba'amurke 5 ga Afrilu ne, a wurin mutumin Ingila kuwa 4 ga Mayu. Idan an yi magana ta waya, ba na barin awa guda ta wuce ban aika taƙaitaccen bayani ba, wa zai yi me, zuwa yaushe. In kuma ban ji lamba da kyau ba, musamman 15 da 50 da suke kama a bakin Turanci, nakan nemi a maimaita, abin da a da nake ganin zai rage mini daraja.

Wanda ya fi wuya shi ne na cikin gida, kuma wannan da Hausa ake yin sa. Sai da na tilasta wa kaina shiga wurin Alhaji da safe in ce, “Yallaɓai, akwai matsala, ga ta, ga kuma abin da nake ganin za a yi,” tun matsalar tana ƙarama. Ga duk matashin da aka damƙa wa wasiƙun kamfani don an ga yana jin Turanci, shawarata ita ce ya fara gwada kansa da wannan: ya rubuta wa babban mai saye cewa ba zai iya cika alkawari ba, cikin jimla huɗu, ya ba wani ya karanta, ya tambaye shi abin da ya fahimta. Idan mai karatun ya ce “kamar dai za a iya,” to a sake rubutawa.

A kakar 2022 irin wannan jinkiri ya sake samun mu da wani mai saye daga Indiya. A ranar da na sani na rubuta masa, ya ɗaga mana kwana goma sha biyu, ba a rage ko dala ɗaya ba, kuma har yanzu muna ciniki da shi. Kamfanin Mersin kuwa na rubuta musu sau biyu tun daga lokacin, sun amsa cikin mutunci cewa suna da mai kawo musu kaya. A Dawanau yake shi ma, kuma duk kaka ina wucewa ta gaban sitonsa ana loda musu tirela.