Kafin ku ɗora wuta a kan tsohuwar Game Boy

Yawancin tsofaffin na'urorin wasa na hannu da ke isowa gare mu ta hanyar gwanjo ba matattu ba ne. Datti da tsatsa da tsufan ƙananan kayan ciki ne suka kwantar da su. Game Boy ta farko, wadda kamfanin Nintendo na Jafan ya fitar a 1989, ta haura shekara talatin a duniya, amma an yi mata ƙira mai ƙwari ta yadda sau da yawa wanki kaɗai yake tashinta. Na'urorin da suka mutu murus a hannuna, ba tsufa ne ya kashe su ba, ni ne na kashe su, domin na riƙa kai musu ƙarfen liƙin dalma tun ban san abin da ke damunsu ba.

Ɓarnar takan fara ne tun daga buɗewa. Na'urorin Nintendo da yawa ana ɗaure bayansu da sukuru mai baki uku, kuma babu sukudireban gida da ke shigarsa daidai. Na taɓa tilasta masa mai baki ɗaya har kan sukurun ya cinye, daga nan sai da na fasa roba kafin na shiga. Ku nemi sukudireban da aka yi dominsa, masu sayar da kayan gyaran waya sukan ajiye shi. Idan kuma an kwance, kada a ɓare gidan da ƙarfi, domin a Game Boy ta farko akwai wata siririyar waya mai faɗi da ta haɗa fanel ɗin gaba da na baya, wato farantan da ƙananan kayan wuta ke zaune a kansu, kuma idan ta yage aikin ya koma wani abu dabam. Ku ɗauki hoton komai da wayarku kafin ku cire shi.

Bayan an buɗe, wurin zaman batir ne abin dubawa na farko. Game Boy ta farko tana cin batir AA huɗu, Game Boy Color ta 1998 tana cin biyu, kuma mutane da yawa sun ajiye su shekara da shekaru da batir a ciki har ya fashe ya zubar da wani farin gari mai cin ƙarfe. Wannan garin dangin kanwa ne, saboda haka ɗan ruwan binega a tsinken goge kunne yana narkar da shi, za ku ma ga yana kumfa. Kuskurena shi ne na tsaya a nan. Na bar binegar ta bushe a kan ƙarfen, bayan ɗan lokaci tsatsa ta dawo fiye da yadda na same ta. Dole ne a bi bayanta da sifirit mai tsabta, wanda ake kira isofurofil, a bar wurin ya bushe sarai. Da shi ne kuma ake wanke makunni, wanda dattinsa kaɗai kan sa Game Boy Advance ta riƙa mutuwa tana tashi, da bakin kaset ɗin wasa. Hura kaset da baki, wanda dukanmu muka tashi muna yi, danshi kawai yake ƙara masa.

Inda ya fi ci mini rai shi ne Game Gear ta kamfanin Sega, wadda ta fito a Jafan a 1990. Tana da allo mai launi da fitila a bayansa, tana cin batir shida, kuma kusan duk wadda za ku samu a yau kafasitocinta, wato ƙananan kayan ciki masu ajiye wutar lantarki, sun tsufa sun fara tsiyaya. Alamarta ita ce sauti ya ɗauke ko ya yi ƙasa ƙwarai, hoto ya dushe har sai an karkata na'urar kafin a gani, wani lokaci kuma ta kama ta mutu nan take. Maganin sananne ne, a canza kafasitocin gaba ɗaya. Sai dai ruwan da suka zubar ya riga ya raunana jan ƙarfen da suke zaune a kai, ni kuma na zo da ƙarfe mai kaurin baki da zafi fiye da kima, ina dannawa ina ja, har wurin zaman ya ɓamɓaro tare da kafasitan. Da na san haka, da na wanke wurin tukuna, na shafa man liƙi, na ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar domin ta narke cikin sauƙi, sannan na ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ja ba. Idan ƙarfen ya taɓa wurin kuka ji ƙarni irin na kifi, to ruwan kafasita ne yake ƙonewa, alamar wankin bai isa ba. Ku lura kuma kafasitan yana da ɓangaren tarawa da na ɗebewa, idan aka juya shi yana iya fashewa, sannan fitilar bayan allon tana aiki da wuta mai ƙarfi, ba a taɓa wajenta na'urar tana kunne. Duk wanda bai taɓa liƙi ba, ya fara koyo a kan fanel ɗin mataccen rediyo.

Akwai wani gyara kuma da zafin ƙarfe ke da amfani a cikinsa. Idan layuka na tsaye suka ɓace a allon Game Boy ta farko, liƙin wayar da ke ƙarƙashin gilashin ne ya saki, kuma bin ta da ɗumin ƙarfe a hankali yakan dawo da su. Layukan kwance kuwa wayarsu ta fi rauni, a ganina gara a bar su.

A kiyayi wutar lantarkin da ake ba na'urorin. Game Boy ta farko bolt 6 take sha, Game Boy Pocket da Game Boy Color kuwa bolt 3, kuma shigar bakin caja cikin rami ba ya nufin ta dace. A Nintendo DS na ƙona fiyus saboda na yi aiki a ciki ban cire batir ba, kuma mitar auna wuta ce kawai za ta nuna fiyus ɗin ne ya tafi, ba sai an yi ta canza kaya da ka ba. Batirin PSP, na'urar wasa ta kamfanin Sony, da ya kumbura har ya ture murfinsa kuwa, ba a caja shi, ba a huda shi.

Wata asarar ba a iya biyanta da kuɗi. Kaset ɗin wasanni irin su Pokémon Gold da Silver yana ɗauke da ɗan batir mai kama da kwabo, kuma shi ne yake riƙe da duk inda mai wasa ya tsaya. Wani ya kawo mini nasa domin wanki, na ga batirin ya tsufa, na canza shi ba tare da na tambaye shi ba, wasan da ya tara tun yana yaro ya goge a take. Idan batirin yana da sauran rai, akwai na'urar da ke kwafe ajiyar zuwa kwamfuta kafin a cire shi. Idan babu ita, a gaya wa mai kaya abin da zai faru, a bar shi ya zaɓa. Sabon batirin kuma a sayi mai ƙafafu, domin ɗora ƙarfe mai zafi kai tsaye a jikinsa na iya fasa shi.

Game da robar da ta yi ɗorawa saboda tsufa, ana shafa mata ruwan haidurojin, wato hydrogen peroxide, a shanya ta a rana domin ta koma fari. Masu koyar da wannan galibi suna ƙasashen sanyi ne, ranarsu ba irin tamu ba ce. Na shanya gidan wata Game Boy da tsakar rana a lokacin bazara, ruwan ya bushe a wasu wurare kafin wasu, robar ta fito dabbare-dabbare kuma ta ɗan lanƙwashe, har sukuru ya ƙi zama. Ko an yi shi daidai ma, launin yakan dawo bayan wani lokaci. Yanzu sabulu da ruwan ɗumi da tsohon burushin haƙori kawai nake amfani da su, bayan na cire duk abin da ke da waya a jiki, kuma duk kayan asalin da na canza ina zuba su a leda in miƙa wa mai na'urar tare da ita.