Lasisin da ya tafi da tsohon allo

Wajen ƙarshen damina ta 2025 wani Alhaji mai ofishin buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa ya kira ni. Kwamfutocinsa biyar ne, duk na tebur, duk a kan Windows 10, kuma kullum sai sun fito masa da sanarwar cewa daga ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft zai daina kula da wannan manhaja. Ya gwada hawa Windows 11 da kansa, ta ƙi. Da na duba, dalilin a fili yake: furosesa ɗinsu, wato ƙwaƙwalwar na'urar, Intel ne zubi na 4 da na 6, ita kuwa Windows 11 daga zubi na 8 take karɓa, sannan tana neman guntun tsaro na TPM 2.0.

"To Injiniya, mene ne abin yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sai an zubar da komai ba. A canza madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa, da furosesa da ram, a bar faifan SSD da sikirin da sauran tarkace. Kuɗin zai sauka sosai."

Na zauna na yi lissafi a takarda, har da kuɗin fanka da man da ake shafa wa furosesa. Babu layi ko ɗaya na lasisi. Shekara da shekaru ina ƙara wa mutane ram, ina cire tsohon faifan hadis ina sa SSD, ban taɓa ganin Windows ta yi ƙorafi ba, sai na ɗauka cewa tun da manhajar tana kan faifai, izininta ma yana nan tare da ita. Faifan ya bi mu, izinin ya bi faifan. Haka na ɗauka.

Ranar Asabar muka yi aikin ni da yarona. Biyu daga cikinsu ƙirar kamfani ne, akwatinsu ba ya karɓar allon kasuwa, don haka har akwati sai da muka sake. Kafin la'asar duk biyar ɗin sun tashi. Ina tattara sukurdireba yaron ya ce, "Oga, zo ka ga." A shafin saiti, wajen aktibeshan, inda ake nuna matsayin lasisi, an rubuta cewa Windows ba ta da izini, ga lamba 0xC004F211 a ƙasa. Wannan lambar ma'anarta ɗaya: kayan cikin na'urar sun canza. Muka bi sauran. Huɗu sun ce ba su san mu ba. Ɗaya ce kawai ta yi shiru, kuma daga baya ta bayyana cewa ita ce ta fi kowacce matsala.

A daren na yi abin da ya kamata in yi tun kafin in kwance sukuru ko ɗaya. Na buɗe baƙar tagar nan ta ba da umarni na rubuta slmgr /dli. Daƙiƙa kaɗan take ɗauka, sai ƙaramin akwati ya fito da sunan bugun Windows ɗin, da haruffa biyar na ƙarshe na makullinta, wato lambar lasisinta, da kuma kalmar da ta fi komai muhimmanci, wato hanyar da lasisin ya biyo ya zo. Kwamfuta biyar, labari huɗu.

Biyun nan ƙirar kamfani suka nuna OEM_DM. Wannan shi ne lasisin da masu ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo suke saye a sari daga Microsoft su sa a na'urar tun daga masana'anta. Da, zamanin Windows 7, takarda ce mai ƙyalli ake mannawa a jikin akwati da makulli mai haruffa 25. Daga Windows 8 a 2012 aka daina, aka koma dasa makullin a cikin BIOS, ƴar manhajar da ke zaune a jikin madabod ɗin kansa. Shi ya sa idan ka goge irin waɗannan ka sake loda Windows ba ta tambayar ka komai, da kanta take karanto makullin. Kuma shi ya sa da na cire allon na ajiye a kwali, lasisin ya bi shi cikin kwalin. A ƙa'idar Microsoft, lasisin OEM na na'urar da aka sayar da shi tare da ita ne, kuma a wurinsu madabod shi ne na'urar. Ka ƙara ram, ka canza faifai, ka sa katin hoto, yawanci babu abin da zai faru. Ka canza allo, ka yi sabuwar kwamfuta. Rangwamen da aka sani shi ne idan allon lalacewa ya yi aka musanya shi da irinsa a ƙarƙashin garanti. Namu kuwa lafiyarsu lau, mu ne muka ga dama muka cire.

Ta ukun ta nuna RETAIL, da wasu haruffa biyar da ban gane ba. Da safe na tambayi Alhaji, ya yi ɗan tunani ya ce ai wannan ɗansa ne ya haɗa ta da hannunsa, kuma ya sayi Windows ɗin daban. Aka bincika durowa aka samo katin. Na shigar da makullin, ko minti ɗaya ba a yi ba ta karɓa. Lasisin da mutum ya saya shi kaɗai, ba tare da na'ura ba, nasa ne. Yana iya ɗauke shi daga wannan kwamfuta ya kai waccan, sharaɗin kawai kada ya yi aiki a guda biyu lokaci ɗaya.

Ta huɗun ce ta koya mini karatu. Ita ma RETAIL ta nuna, har na fara murna, na ce an samu ta biyu. Sai na kalli haruffan ƙarshe: 3V66T. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san su. Wutsiyar makullin gama-gari ne na Windows 10 Pro, wanda yake a kan kwamfutoci bila adadin, kuma shi kaɗai ba ya buɗe komai. Na juya akwatinta, sai ga takardar Windows 7 ta koɗe, da sunan kamfanin da ya ƙera na'urar a jiki. Nan labarin ya fito. Lokacin da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli, 2015, an ba masu Windows 7 da 8.1 damar hawa kyauta. Wanda ya hau ba a ba shi sabon makulli ba. Abin da aka yi, an ɗauki wata shaida ta kayan cikin na'urarsa, musamman allon, an ajiye a rumbun Microsoft, duk ranar da na'urar ta hau intanet sai a gane ta a ba ta izini. Shi ake kira lasisin dijital. A sikirin zai iya rubuta RETAIL, amma haƙƙinsa na asalin da ya fito ne. Idan daga OEM ya taso, OEM ne har gobe, ko da wace riga ya sa.

Na yi ƙoƙarin ceto ta. Tun sabuntawar watan Agusta na 2016 akwai hanyar ɗaure lasisin dijital da asusun Microsoft, ta yadda bayan canjin kaya za ka shiga mai warware matsalar aktibeshan ka zaɓi cewa ka canza kayan na'urar kwanan nan. Amma ɗaurin kafin canji ake yin sa, kuma kwamfutocin ofishin duk da asusun cikin gida suke aiki, babu wanda ya taɓa shiga da imel. Na mayar da faifan kan tsohon allo, na ɗaura, na dawo da shi kan sabo, na gwada. Ta ƙi. Na kwafo makullin jikin takardar nan ta Windows 7, wanda a da mukan yi amfani da irinsa ya wuce. Shi ma ya ƙi, domin tun watan Satumba na 2023 Microsoft ta rufe wannan ƙofar. Ihu bayan hari.

Sai ta biyar, mai shirun nan. VOLUME_KMSCLIENT, wutsiya T83GX. Na ƙara da slmgr /xpr, wanda ke faɗin ko izinin na dindindin ne ko yana da ranar ƙarewa. Ya ba ni rana da wata. Irin wannan lasisi an yi shi ne don manyan ma'aikatu da jami'o'i masu ɗaruruwan kwamfutoci: ma'aikatar tana da uwar na'ura a cikin gida da ke raba izini na kwana 180, kowace kwamfuta tana komawa gare ta lokaci-lokaci tana sabuntawa. Ofishin da ke da kwamfuta biyar a bakin titi ba shi da wannan, ai ma sai an kai na'ura 25 kafin tsarin ya fara ba da izini. Abu biyu ne ke kawo shi irin wurarenmu. Ko dai kwamfutar gwanjo ce da ta baro wani kamfani a Turai ko Amurka ba a goge ta ba, wadda kwanakinta na cika za ta fara kuka, ko kuma wani ya sa mata ƴar manhajar nan da ke kwaikwayon uwar na'urar tana yi wa Windows ƙarya. Ba sai na ambaci suna ba, kowane mai gyara ya san ta, kuma da yawanmu da ita muka buɗe ido a sana'ar. Na duba jerin ayyukan da ke tashi da kansu, na same ta zaune, an kuma umarci manhajar tsaro da ta kauce mata. A kan wannan kwamfutar ake shigar da sunayen ɗalibai da hotunansu da lambobin shaidarsu.

Yarona ya ce, cikin ladabi, "Oga, ba sai mu sa wa sauran ukun irinta ba? Minti biyar ne."

Ba zan ce zuciyata ba ta raya mini ba. Da Alhaji ba zai taɓa sani ba, rubutun nan na kusurwar sikirin zai ɓace, in karɓi cikon kuɗina in tafi. Abin da ya tsayar da ni, bayan batun amana, shi ne dalilin aikin tun farko. Mutumin nan ya kashe kuɗinsa ne don kada ya zauna a kan manhajar da ba a toshe mata ɓaraka. In na buɗe masa wata ɓarakar da hannuna, me aka yi ke nan? Haka kuma makullan nan masu arha da ake tallatawa a intanet, kuɗin da bai kai na cin abincin rana ba. Da yawansu daga rumbun lasisin ma'aikatu aka zaro su ana sayarwa ɗai-ɗai, yau su yi aiki, wata rana a toshe su. Araha ba ta ado.

Ranar Litinin na je na same shi na faɗa masa yadda abin yake, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama.

"Wato da can ina da lasisi uku na halak, yanzu ba ni da su."

"Suna nan, ranka ya daɗe. Suna cikin kwali a shagona."

Bai yi dariya ba. Windows 11 Pro a shagon Microsoft kusan dala 200 ce, Home kuma dala 139. Ka buga wannan sau huɗu a canjin naira, ka ɗora a kan lissafin da na ba shi, sai ka ga arhar da na yi masa alkawari ta gudu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na san haka tun farko, shawarar ma gaba ɗaya da ba ita zan bayar ba. Kwamfutocin gwanjo na ofis masu Intel zubi na 8 suna shigowa ta Legas har su iso kasuwanninmu, kuma mafi yawansu da lasisin Pro a dashe cikin allonsu, wanda Windows 11 take karɓa ba tare da ƙarin ko sisi ba. Da sai in ce a sayi huɗu irinsu, a sayar da tsofaffin a cike da lasisinsu, a canza allo a guda ɗaya tak, mai katin nan. Umarnin da ban rubuta ba, mai haruffa tara, shi ne ya raba shawara mai kyau da wadda na bayar.

Muka yi sulhu. Ya sayi lasisi biyu, na sayi ɗaya daga kuɗin aikina, wanda hakan ya cinye ladan duka har da ɗan ƙari. Ta huɗun muka mayar da ita kan tsohon allonta, aka cire ta daga intanet, ta koma aikin buga takardu kawai. Mai KMS ɗin na goge ta tas kafin in sa mata lasisi.

Yanzu akwai littafi a shagon. Duk kwamfutar da za a taɓa mata allo, kafin a ɗauko sukurdireba sai an rubuta abin da slmgr /dli ya nuna da haruffan nan biyar, da abin da slmgr /xpr ya ce. Sai a tambayi BIOS ko akwai makulli a dashe, ta hanyar neman OA3xOriginalProductKey a PowerShell, wata tagar ba da umarni ta Windows. In ya fito, mun san na allon ne. In na ga RETAIL ba na yarda sai na ga kati ko rasit ko imel ɗin saye, in kuwa 3V66T ne ko 8HVX7 na bugun Home, sai in fara tambayar tarihin na'urar kamar mai binciken asalin wanda ya zo neman aure. Ana rubuta bugun ma, domin lasisin Home ba ya buɗe Pro, kuma na sha ganin an loda wa mutum Pro a kan na'urar da ke da Home na halak a cikinta, sannan a bi da manhajar ƙarya don rufe ramin da aka haƙa da hannu. Akwai kuma layin BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, wanda ba lasisi ba ne amma tafiyarsu ɗaya: in faifan a kulle yake, makullinsa yana jingine da TPM na tsohon allo, kuma ba tare da lambobin ceto guda 48 ba, canjin allo zai raba mutum da fayilolinsa gaba ɗaya. Ofishin Alhaji Allah ya rufa asiri babu wadda aka kulle.

Allunan nan biyu masu OEM sun yi wata guda a kwali. Daga baya na mayar da su cikin akwatunansu na asali, na sa musu ƙananan SSD, Alhaji ya ce a sayar a rage asara. Wani ɗalibi ya sayi ɗaya don koyon aikin kwamfuta. Na loda mata Windows a gabansa, na haɗa ta da intanet ɗin wayata, muka buɗe shafin aktibeshan. Ba ta tambayi makulli ba.